Yadda Za Ka Karɓo Kuɗinka Daga Shaguna da Kamfanonin da Suka Riƙe Maka Bashi

Mai sari a Singa ko Kantin Kwari, mai gidan burodin da ke kai wa kantuna, mai buga takardu da ke yi wa makarantu aiki, mai kai wa otal kaji da ƙwai, duk abu ɗaya ke hana su barci: kaya sun fita, kuɗi bai shigo ba. Ciniki da 'yan kasuwa ba ya yiwuwa sai da bashi, domin mai shago sai ya sayar zai biya, kamfani kuma yana da ranar da yake fitar da kuɗi. Wahalar tana farawa ne ranar da wa'adi ya cika, aka ji shiru.

Ka fara sanin abin da shirun nan yake ci maka, don shi zai hana ka jin nauyin tambaya. Idan ribarka naira 5 ce a kowace 100 da ka sayar, bashin miliyan 2 da ya nutse sai ka yi cinikin miliyan 40 kafin ka mayar da gurbinsa. Ko bai nutse ba, jinkiri kaɗai asara ne. Jarin miliyan 1 da kake juyawa sau biyu a wata kana samun 40,000 a kowane juyi, in ya kwana wata uku a hannun wani, ka rasa 240,000. Ga kuma tsadar kaya: a Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wato wanda ya riƙe maka miliyan 1 tsawon shekarar nan ya dawo maka da abin da bai sayen kashi uku cikin huɗu na kayan da ka ba shi. Bashi kuma yana tsufa. Na sati biyu waya ɗaya ke fito da shi, na wata takwas sai an haɗa da dattawa.

Gyara littafinka kafin ka ɗaga waya

Mai taurin bashi ba abin da yake so kamar ka zo masa da lissafin da ba ka tabbatar ba. Ka ce miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, ya ce ai ya turo dubu ɗari biyu ta hannun yaronka ranar wata Laraba, shi ke nan magana ta tashi daga yaushe za a biya ta koma nawa ne ma kuɗin, an ƙara sati biyu.

Saboda haka ka fitar wa kowane abokin ciniki takarda guda: ranar da kaya suka fita, irin kayan da adadinsu, farashi, ranar da aka yi alkawarin biya, abin da ya biya da ranar da ya biya da hanyar da ya biyo, sannan ragowa. Ka duba wannan da bayanan asusunka na banki, ka tambayi yaran shago ko akwai wanda ya karɓi wani abu a hannu. A bayan takardar ka haɗa kwafin rasit, takardar rakiyar kaya da aka sa wa hannu lokacin sauke su, takardar oda in akwai, da hoton saƙonnin WhatsApp inda ya nemi kayan ko ya yi alkawari. Kada ka goge saƙonnin daga wayar, kada kuma ka sayar da wayar. Dokar shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda a karɓi irin waɗannan saƙonni a kotu, amma akan nemi bayanin na'urar da suka fito daga cikinta.

Sai ka jera basussukan bisa tsufansu: waɗanda suka wuce wa'adi da ƙasa da kwana 30, na 30 zuwa 60, na 60 zuwa 90, da waɗanda suka haura. Mutane sukan zuba ƙarfinsu a kan tsohon bashin da ya fi ɓata musu rai, su bar sabon babba yana tsufa. Akasin haka ya kamata: babban bashi da bai daɗe ba shi ne farko, don shi ne mai saurin fitowa.

Akwai tambayar da ba a cika yi ba sai an je gaban alƙali: wa kake bi? Ka shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka binciki sunan da ke kan rasit. In sunan kasuwanci ne kawai, mai lamba da ta fara da BN, to mai shi da kasuwancin abu ɗaya ne, kana iya bin dukiyarsa ta kansa. In kamfani ne mai Limited a ƙarshe da lambar RC, a idon doka kamfanin mutum ne daban. Gidan darakta da motarsa ba su shiga bashin ba, sai in ya sa hannu cewa ya tsaya wa kamfanin da kansa. Wannan bambanci shi zai nuna maka sunan da za ka rubuta a kowace takarda daga yanzu.

Me ya hana biyan?

Ba kowane shiru ke da dalili ɗaya ba, kuma maganin wani guba ne ga wani.

In abokin cinikin kamfani ne, ko otal, ko makaranta mai ofishin kuɗi, ko asibiti mai zaman kansa, sau da yawa ba wanda ya ƙi biyanka, takardarka ce ta maƙale. Wanda ya ba ka oda daban, mai sito da ya karɓi kaya daban, akanta mai rubuta baucha, wato takardar fitar da kuɗi, daban, mai sa hannu a saki kuɗi daban. Kai kuma kullum wanda ya ba ka odar kake kira, shi kuwa ba shi da iko da ko kwabo, iyakarsa ya ce “ana kai”. Ka je ofishin kuɗi da kanka, ka gaisa da akanta, ka yi tambaya guda: “Ranka ya daɗe, takardata a teburin wa take yanzu, me kuma ya rage a cikinta?” Abubuwan da suka saba tsayar da ita sanannu ne. Lambar oda ba ta kan takardar neman biya. Mai sito bai rubuta shaidar shigar kaya ba. Adadin da ke kan oda katan 100 ne, wanda aka sauke 96. Sunan asusun bankin da ka bayar naka ne na kanka alhali oda da sunan shagonka aka yi ta. Ba ka sa lambar harajinka ba. Kowanne a cikinsu aikin yini ɗaya ne, amma yana iya riƙe kuɗi wata biyu don ba wanda zai kira ka ya gaya maka. Ka kuma tambayi ranar da suke biyan masu kawo kaya. Wasu sau ɗaya ne a wata, wanda takardarsa ta shiga bayan an rufe jerin sai wata mai zuwa.

In kuɗin ya shigo da ɗan giɓi, kada ka yi saurin cewa an cuce ka. Manyan kamfanoni da ma'aikatu sukan cire harajin da doka ta ɗora musu cirewa tun daga tushe. Haƙƙinka a nan shi ne su ba ka shaidar sun miƙa wa hukumar haraji da sunanka, domin za a rage maka shi a harajinka.

Wani kuma ƙorafi gare shi bai faɗa ba: buhu biyar sun jiƙe, launin atamfar ba wanda ya zaɓa ba ne, farashi ya faɗi bayan ya ɗauka. Ka fito da ƙorafin fili, ka ware kuɗin abin da ake gardama a kai, ka ce a biya sauran yau. Kada gardamar 80,000 ta riƙe 900,000.

Sai wanda da gaske ba shi da shi: gobara, ko kwastomominsa sun riƙe masa, ko ya karye. Sai kuma wanda yake da shi, yana juya kuɗinka ne kawai saboda kai ne ba ka da matsi. Idonka zai bambance maka su fiye da bakinsu. Ka leƙa shagon. Kanta cike da sababbin kaya na wani dila, ciniki na tafiya, amma kai ana ce maka kasuwa ba daɗi, to ka san inda kuɗinka ya tafi. Wanda ba shi da shi, Alƙur'ani ya ce a jinkirta masa zuwa sauƙi, a aya ta 280 ta Baƙara. Wanda yake da shi kuwa, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya kira jinkirinsa zalunci.

Tuntuɓa

Tuni na farko yana zuwa ne kafin wa'adi, da kwana biyu ko uku, cikin fara'a. Washegarin cikar wa'adi a kira. Bayan kowace waya a bi ta da rubutu, don maganar baka iska ce ke ɗauke ta. Saƙon ya zama gajere, da adadi da rana a ciki:

“Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Kamar yadda muka yi magana ɗazu, ragowar kuɗin katan 120 na taliya da aka sauke ranar 3 ga wata naira 1,800,000 ne, wa'adinsa ya cika jiya. Ka ce za ka turo 600,000 ranar Alhamis. Don Allah ka amsa mini da ‘haka ne’ in sa a littafi. Allah ya ba da kasuwa.”

Wannan “haka ne” ɗin da zai rubuto ya fi dogon alkawari daraja, domin ya amsa adadin da kansa. Kada ka karɓi “cikin satin nan” ko “in an kwana biyu”. In sha Allahu gaskiya ce, amma a haɗa ta da rana da adadi. Ranar da aka sa in ta zo, ka kira da safe, ba washegari ba. Mai bashi yana auna ka ne: in ya saɓa sau ɗaya ya ga ba abin da ya biyo baya, ya san layin da zai ajiye ka.

In sati guda ya wuce ba motsi, ka taka da ƙafarka. Lokacin zuwa rabin aikin ne. Mai shago ana samunsa da kuɗi da yamma bayan la'asar, kafin ya kai banki ko ya biya wani dila. Makarantar kuɗi tana da kuɗi a sati biyun farko na zango, in ka bari tsakiyar zango ta yi albashin malamai ya cinye. Mai yadi da mai takalma a goman ƙarshe na azumi da kwanakin kafin babbar salla. Kantin unguwar ma'aikata bayan an yi albashi. Ɗan kwangila ranar da aka sake masa kaso, kuma ranar ce kaɗai, don haka ka san wanda zai tsegunta maka. Ka ja shi gefe, kada ka yi maganar a gaban kwastomominsa ko yaransa. Wanda ka kunyata ya riga ya biya da mutuncinsa, sai ya ga ba sauran abin da zai rasa.

Kada kuma ka tashi hannu wofi. Ko kashi ɗaya cikin goma ne ka karɓa, ka rubuta rasit, ka rubuta ragowa a jiki. In tiransifa ya yi, ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya zauna kafin ka rubuta, don hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirarsu.

Abin da ya fi wa ƙaramin ɗan kasuwa wuya shi ne tsayar da kaya. Tsoron kada kwastoma ya koma wajen wani shi ke sa a ƙara masa kaya a kan tsohon bashi, har miliyan ɗaya ta zama uku. Ka tsayar da bashi, ba ciniki ba. Tsarin da ke aiki shi ne: duk sabon kaya kuɗi hannu, da ƙarin kashi 20 cikin ɗari da zai tafi ga tsohon bashi. Ya ɗauki kayan 500,000, ya biya 600,000. Shagonsa bai mutu ba, bashinka na raguwa, kai ma kana ciniki. Wanda ya ƙi wannan ya koma saye wajen wani da kuɗi a hannu, ya riga ya ba ka amsa.

Takardar amincewa da bashi

In akwai abu ɗaya da za a ɗauka daga duk bayanin nan, wannan ne. Tun kuna gaisawa, tun bai fara ƙin ɗaga waya ba, ka mayar da bashin takarda mai sa hannu. Mutum yakan sa hannu cikin sauƙi a wata na biyu, lokacin da yake neman ka ƙara masa lokaci. A wata na shida ba zai sa ba. Don haka ƙarin lokaci shi ne abin da kake sayarwa, sa hannu shi ne farashinsa. In ya ce ai akwai amana tsakaninku, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin.

Ba sai lauya ba, shafi ɗaya ya isa:

“Ni, wane ɗan wane, mai shago lamba kaza a layi kaza, na amince wane yana bina naira 1,800,000, kuɗin kayan da na karɓa ranar kaza, kuma ba ni da wani ƙorafi a kan kayan. Na biya 600,000 yau. Ragowar 1,200,000 zan biya 150,000 kowace Juma'a har sati takwas, daga ranar kaza zuwa ranar kaza. In na saɓa sau biyu, duk abin da ya rage ya zama abin biya nan take.”

A rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi. Shi ya sa hannu, shaidu biyu su sa, da lambobin wayarsu, kowa ya riƙe kwafi. In bai iya karatun boko ba, a karanta masa a gaban shaidu, a rubuta a ƙasa cewa an karanta masa da Hausa ya fahimta, da sunan wanda ya karanta, sannan ya dangwala. In kamfani ne, a yi ta a kan takardar kamfanin, darakta ya sa hannu, ka kuma nemi ƙarin layi guda inda shi daraktan ya ce ya lamunce da kansa. Biyan sati-sati ya fi na wata-wata, don ƙaramin adadi ya fi sauƙin fita daga cinikin yau da gobe, kuma in tsarin zai rushe za ka gani cikin kwana bakwai.

Takardar tana da wani amfanin. Doka ta sa wa ƙarar bashi wa'adi, shekara shida a Legas da Abuja, biyar a wasu jihohi, wanda ya wuce shi kotu ba za ta saurare shi ba ko da gaskiyarsa. Amincewa a rubuce ko biyan wani ɓangare yana sa a fara ƙirga daga farko.

Ana ƙarfafa takardar da ɗaya daga cikin abu uku. Jingina: babur, injin, janareta, takardun mota, a rubuta abin da aka karɓa, yanayinsa, ƙimarsa, da abin da za a yi da shi in ba a biya ba. Ka ajiye shi amana, kada ka yi amfani da shi, kada kuma ka sayar sai bisa abin da aka rubuta ko umarnin kotu. Ko mai tsaya masa: yayansa, maigidansa na kasuwa, wani mai shago da aka sani, shi ma da sa hannunsa, don lamunin baka yana da wuyar tabbatarwa. Ko cek mai kwanan wata na gaba, ɗaya ga kowane kaso. Cek yana da nauyi saboda dokar 1977 ta mayar da bayar da cek ɗin da ba kuɗi a bayansa laifi mai ɗaurin shekara biyu, da sharaɗin an kai shi banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa. In ya dawo, ka riƙe shi da takardar bankin da ta nuna dalili. Kada ka yarda a yi ta ce maka “kar ka kai tukuna” har wata ukun su wuce.

In shi ma yana bin wani mai ƙarfi kuɗi, ana iya mayar da kai kan wancan, abin da fiƙihu ke kira hawala. Ku zauna ku uku, wancan ya amsa a rubuce. Ka dai tabbatar da ƙarfin nasa tukuna, don bayan ka karɓa komawa kan na farko ba sauƙi.

Batun tarar jinkiri fa? Ga musulmi, ƙara wani abu a kan bashi saboda an makara kuɗin ruwa ne, ba a yi. Abin da ya halatta a yi shi tun farko: farashin kuɗi hannu daban, na bashi daban, a tsayar da ɗaya kafin kaya su fita. Yafe wani ɓangare na bashin da wa'adinsa ya riga ya wuce don a biya sauran yanzu, wannan ba laifi, kuma sau da yawa shi ne lissafin da ya fi. Karɓar 850,000 yau a kan miliyan ɗaya ya fi jiran cikakkiyar miliyan shekara guda. Sai dai a rubuta cewa rangwamen ya dogara ga biya a ranar da aka sa, in ba haka ba cikakken adadi ya dawo. In kayanka na nan a shagonsa ba su lalace ba, karɓo su ma hanya ce, da yardarsa, a ƙirga a gaban shaida, a rubuta farashin da aka karɓe su.

Shigo da na uku

In alkawari ya karye sau biyu, lokacin zama ku biyu ya wuce. Wanda ya haɗa ku ciniki shi ne farkon wanda za a gaya wa, sai maigidansa, sai shugaban layi ko ƙungiyar 'yan kasuwar. Kusan kowace babbar kasuwa tana da dattawan da ke sasanta irin wannan, kuma ɗan kasuwa yana tsoron zamansu fiye da sammaci, domin in aka san shi da taurin bashi a layi ba mai sake ba shi kaya. A Kano Hisba ma tana zaman sulhu, akwai kuma cibiyar sasanci ta babbar kotun jiha da aka buɗe a 2009, inda yarjejeniyar da aka cimma, in alƙali ya sa mata hannu, take zama kamar hukunci. Ko ina aka zauna, ka je da takardunka, ka bar zafin rai a gida, kada kuma a tashi da “a yi haƙuri, zai biya” kawai. A tashi da rana da adadi da sa hannu.

Hanyoyin da ke mayar da mai gaskiya mai laifi

Kai mutum caji ofis saboda bashi shi ne abin da aka fi yi, kuma doka ta hana. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta ce ba a kama mutum don saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Kotun Ƙoli ta faɗi irin haka game da EFCC, cewa ba hukumar karɓar bashi ba ce. Wanda aka tsare yana iya shigar da ƙarar take haƙƙi a kan 'yan sandan da kai da ka kai shi, a yanke maka diyyar da ta fi bashin. Inda hukuma ke da hurumi shi ne inda akwai laifi na gaske: cek na bogi, alat na ƙarya, wanda ya karɓi kaya da sunan kamfanin da babu shi, ko wanda aka ba kaya amana ya sayar ya kawo kuɗi sai ya cinye.

Haka zuwa da matasa a kwashe masa kaya ko a garƙame masa shago. Ranar za ka ji sanyi a ranka, washegari kai ne ake tuhuma da kutse da ƙwace. Sa hotonsa a Facebook da kiransa ɓarawo kuma ɓata suna ne, wanda a dokar Penal Code ta Arewa laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Matarsa da iyayensa ba su ci bashinka ba, a bar su, sai wanda ya sa hannun lamuni.

Takardar gargaɗi da kotu

Kafin ƙara, a aika takardar neman biya ta ƙarshe: adadi, asalin bashin, asusun da za a biya, wa'adin kwana 14, da bayanin cewa bayan nan kotu za a tafi. A kai ta hannu da hannu a sa maka hannu a kwafi, ko ta kamfanin aika saƙo mai ba da shaidar isarwa. Ta kamfani a kai adireshin da ke rajistarsa. In lauya ya rubuta a kan takardarsa takan fi girgiza mutum, kuma basussuka da yawa a nan suke ƙarewa. Kada dai ka rubuta barazanar da ba za ka cika ba.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa, kotun ƙananan basussuka ita ce mafi dacewa. Legas ta fara a 2018, Kano ta bi a 2019, jihohi da dama sun biyo baya. Tana ƙarƙashin kotun majistare, an tsara ta don kuɗin da adadinsa ya tabbata, iyakar da aka fara da ita naira miliyan 5, ana son a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsaya wa kansa ba lauya. A wajen rajistara ake karɓar fom, har da na takardar gargaɗin, a nan kuma za a gaya maka kuɗin shigarwa da iyakar da ake aiki da ita a jiharka. Abin da ya fi jawo jinkiri shi ne kai sammaci, don haka ka ba da adireshi sahihi, ka raka ma'aikacin kotu ka nuna masa mutumin. In adadin ya fi ƙarfin wannan kotu, lauya zai kai babbar kotu ta gajeriyar hanyar da aka tanadar wa bashin da ba shi da abin kariya, kuma a nan takardar amincewar nan take yin aikinta. Tsakanin musulmi biyu kotun shari'ar Musulunci ma tana sauraron bashi. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu, kuma a mazhabar Malikiyya shaida ɗaya da rantsuwar mai ƙara suna tabbatar da haƙƙin dukiya.

Hukunci ba kuɗi ba ne, sai an zartar. Hanya mafi sauri ita ce roƙon kotu ta umarci bankinsa ya riƙe abin da ke asusunsa ya biya ka, abin da lauyoyi ke kira ganishi. Umarnin farko yana daskarar da kuɗin, a saurari banki bayan aƙalla kwana 14, sannan a ba da na ƙarshe. Shi ya sa tun yau ya kamata ka rubuta sunan kowane bankin da ya taɓa turo maka kuɗi daga ciki. Ɗaya hanyar ita ce ma'aikatan kotu su kama kayansa a yi gwanjonsu. In ma'aikatar gwamnati ce ke riƙe da kuɗin, akwai ƙarin matakai, ciki har da neman yardar Antoni Janar kafin a taɓa asusun, wannan ba a shigarsa ba lauya.

Kafin ka shigar, ka yi lissafi da sanyin zuciya: kuɗin kotu, na lauya, kwanakin da za ka bar shago, sannan ko mutumin yana da abin da za a kama. Bashin 60,000 a kan wanda ya rufe shago ya bar gari bai cancanci ƙara ba, ka ajiye takardunsa ka ci gaba da harkarka. In kuma wanda kake bi ya rasu, bayan ta'aziyya da 'yan kwanaki ka sanar da magada a rubuce tare da hujjojinka, domin ana fitar da bashi ne kafin rabon gado, kuma bin magada ɗaya-ɗaya bayan an raba ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Ranar da aka gama biya, ka rubuta rasit mai cewa ba sauran komai, ka mayar da jingina da cek ɗin da suka rage a gaban shaida, ka sanar da wanda ya tsaya masa da dattawan da suka shiga tsakani, in akwai ƙara a kotu a janye ta. In zai ci gaba da ɗaukar kaya, wata uku na farko kuɗi hannu, bayan nan bashin da bai wuce rabin na da ba, wa'adin sati biyu, kuma ba sabon kaya sai an share na baya.